Shamuwar Ƙarfe da Daren Tukunya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ban ji ba. Ku ajiye wayar nan, ku amsa da baki.

Ta zo mu ji ta.

Yauwa. Ku riƙe wannan amsa da kyau. Akwai waɗanda ta suɓuce musu, labarinsu za ku ji. Tunda jiragen taurari kuke so, irin na cikin wayarku, ni ma ina da nawa.

Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa. Aka jira, bai zo ba. Shekara ta zagayo, bai zo ba. Ta sake zagayowa, bai zo ba. Rijiyoyi suka ƙafe. Kuka ta bushe a tsaye. Aka tabbata ƙasar nan ta gama da mutane.

A garin akwai wani maƙeri, sunansa Bawa. Ya tara ƙarfe, ya ƙera jirgi, girmansa ya kai gari. Kada ku tambaye ni yadda ya yi, ban riƙe masa zugazugi ba. Ya sa wa jirgin suna Shamuwa, saboda wata tsohuwar tatsuniya da uwarsa take yi masa yana ƙarami, ta yarinyar da shamuwa ta ɗauka ta kai inda ruwa yake. Komai na jirgin daga tatsuniyar ya ciro sunansa. Wannan ɓangare Fiffiken Dama. Wancan Fiffiken Hagu. Inda mutane za su zauna, Ƙirji. Inda aka ajiye iri da fartanya, Maƙoshi. Ya sa mata hankali, ya sa mata murya.

Sai ya zauna yana tunani. Tafiyar mai nisa ce. Waɗanda za su isa ba waɗanda suka tashi ba ne. Wa zai koya musu sauka? In ya rubuta a takarda, takarda tana yagewa. In ya koya wa mutum ɗaya, mutum yana mutuwa. Ya ce, tatsuniya ce kaɗai ba a mantawa. Sai ya zuba dabarar saukar cikin tatsuniyar uwarsa, ya ba Shamuwa.

Ya ce mata, “Ran da kika ga ƙasa mai ruwa, ki kira su. In sun amsa, ki yi musu tatsuniyar. In ba su amsa ba, ki jira. Ba a yi wa wanda bai amsa ba.”

Ya ce wa mutane, “In ta kira, ku amsa mata.”

Suka yi dariya. Suka ce, “Haba Bawa, wane ne bai iya amsa tatsuniya ba?”

Suka shiga. Shi bai shiga ba, ya ce ya tsufa. Jirgi ya tashi ya bar shi tsaye a bakin maƙera.

Abu ɗaya Bawa bai lura da shi ba. Fitila. A cikin jirgin ba a kashe fitila, don gerensu a faranti yake tsirowa, da hasken fitilar yake rayuwa. Saboda haka dare bai taɓa yi ba. Kun kuma san ba a tatsuniya da rana. Yaro ya zo ya ce, “Kaka, yi mana tatsuniya.” Ta ce, “Da rana tsaka? So kake ka ɓata? Bari dare ya yi.” Ya nuna mata agogo. Ta ce, “Agogo ba dare ba ne.”

Tsofaffi suka jira dare. Dare bai zo ba. Suka mutu ɗaya bayan ɗaya da tatsuniyoyinsu a ciki. Ba ƙasar da za a binne su. Akwai wata ƙofa a bayan jirgin, Ƙofar Shiru, ta nan ake tura mamaci waje, ya yi ta tafiya shi kaɗai.

Sunaye suka rage, labari ya tafi. Mutum ya ce yana zaune a Ƙirji, bai san ƙirjin wa ba. Ya ce za shi Fiffiken Hagu, bai taɓa ganin tsuntsu ba.

Shekara tamanin suna tafiya. Ran nan muryar jirgin ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Mutane suka zabura. “Ga ta nan? Ƙasa ce! Mun iso!” Suka ruga tagogi. To tagogin a bayan Shamuwa suke, ƙasar kuwa tana ƙarƙashin cikinta. Ba su ga komai ba sai baƙi da taurari.

Sarkinsu a lokacin Jatau ne. Ya ce, “Mun gode. Nuna mana.”

Shamuwa ta yi shiru. Ba amsar ba kenan.

Washegari ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Suka sake rugawa. Jatau ya ce, “Ina take?”

Shamuwa ta yi shiru.

Rana ta uku ta sake kira. Mutum biyu kaɗai suka je taga. Jatau ya ce, “Jirgin nan ya tsufa, ya fara ƙarya. A cusa tsumma a duk bakin da yake magana da shi. Wanda ya zare tsumman, Ƙofar Shiru, da ransa.”

Aka cusa. Shamuwa ta yi ta zagaya ƙasar, tana kira cikin tsumma. Shekara ɗaya. Shekara biyu. Shekara uku. Fitilu suka fara ja, gero ya fara ƙanƙancewa, tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa-ruwa.

A can ƙarshen Ƙirji akwai wata tsohuwa, Tabawa. Tana da shekara huɗu aka shigo da ita. Duk jirgin ita kaɗai ta rage wadda ƙafarta ta taɓa taka ƙasa. Ba ta da kowa sai jikarta Kuluwa, yarinya mai ba gero ruwa. Uwar Kuluwa da ubanta duk sun bi Ƙofar Shiru.

Tabawa ta kwanta ciwo. Ta ce, “Ke mai kan ƙwarya, zo nan.”

Kuluwa ta ce, “Ga ni, tsohuwa mai ran ƙarfe. Yau kuma me ya ɓata?”

“Ƙarfen ya yi tsatsa. Zauna. Abu ɗaya nake so. Kada a tura ni ta ƙofar nan. Ina tsoron wajen, ba kowa a can. A sa ni a ƙasa, kamar yadda aka sa kakata.”

“Kaka, ina na ga ƙasa?”

“Ke kika sani. Kin ci tuwona.”

Kuluwa ta ce, “Jirgin ya ce ga ta nan. Sarki ya ce ƙarya ne.”

Tabawa ta ce, “Maganar nan ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana da 'yar'uwa. In an faɗe ta, akwai abin da ake cewa. A cinyar innata na ji, ana gobe za mu taso. Shekara uku ina nemanta, ta zo bakina ta koma. A duhu na ji ta, gyare yana kuka. Ina jin ba ta fitowa a haske.”

“Mene ne duhu? Mene ne gyare?”

Tsohuwa ta riga ta yi barci.

Kuluwa ta tafi ba gero ruwa, hawaye yana ɗiga a farantin. Sai ta ji an ce, “Ke, da gishiri za ki kashe mana gida?”

Ta duba. Wani ƙwaro ne baƙi a gindin kara.

“Wane ne kai?”

“Gyare.”

“Kai ne gyare? An ce kana kuka.”

“Haka aka ce mini ni ma. Kakan kakana ne ya shigo cikin damin gero. Ya bar wasiyya, ya ce mu mawaƙa ne, amma sai da dare. Tun daga shi babu wanda ya buɗe baki. Ni kaɗai na rage.”

“Ina ake samun dare?”

“An ce in fitila ta mutu, shi ne.”

Kuluwa ta ɗaure shi a bakin zanenta, ta tafi Fiffiken Dama, fadar sarki. Ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, a kashe fitila.”

Jatau ya yi dariya. “Wa ya aiko ki?”

Washegari ta koma. “Ranka ya daɗe, a kashe fitila ko ta ɗaki ɗaya.”

Ya ce, “Yarinya, ke kike ba gero ruwa. In haske ya tafi, me za ku ci?”

Rana ta uku ta koma. Ba a bar ta ta shiga ba.

Ta dawo ta tarar numfashin Tabawa yana sama-sama. Ta duba ɗakin. Ga fitila a rufi. Ga turmi. Ga tukunyar tuwo ta yumɓu, wadda uwar Tabawa ta taho da ita daga gida, kwana uku ba a ɗora ta ba. Kuluwa ta rufe ƙofa, ta toshe ƙasanta da zane. Ta je bango, ta kama tsumman da ke bakin muryar. Ta zare. Ta hau turmi, ta kifa tukunyar a kan fitila, ta ɗaure da ɗankwalin tsohuwa.

Dare ya yi. Dare ƙarami, girman ɗaki ɗaya.

Kuluwa ta ce, “Kaka, na makance.”

Tabawa ta ce, “Ba ki makance ba, sakarya. Zo ki zauna kusa da ni.”

Sai gyare ya motsa a bakin zane. Ya gwada, muryar ta shaƙe. Ya sake gwadawa. A na uku kukan ya fito, siriri, ya cika ɗakin. Tabawa ta ja dogon numfashi. Ta ce, “Inna.”

Daga bango murya ta fito, a gajiye. “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Tabawa ta ce, “Ta zo mu ji ta.”

Sai Shamuwa ta ce, “Shekara uku ina kira.”

Tabawa ta ce, “Yi haƙuri, 'yar nan. Dare ne bai yi ba.”

Shamuwa ta fara. “Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa. Akwai wata yarinya, 'Yar Fari, kowa nata ya mutu. Ta tsinci shamuwa da karyayyar ƙafa, ta yage zanenta ta ɗaure mata. Shamuwa ta ce, hau bayana, in kai ki inda ruwa yake. Ta ƙulle gero a gefen zane, ta hau. Suka tashi. Suna tafiya, suna tafiya, sai fiffike ya fara rawa.”

Ashe an kai wa sarki labari an ji murya. Ya taho da dogarai a kama Kuluwa. Ya iso bakin ƙofa, ya ji ana cewa wata yarinya, sai ya tsaya. Ya kasa kunne. Da aka zo wurin fiffike ya fara rawa, ya tura ƙofar. Haske ya shigo. Shamuwa ta yi tsit.

Jatau ya ce, “Yarinyar fa? Faɗowa ta yi?”

Tabawa ta ce, “Rufe ƙofa, Jatau. Ni na goyi ubanka. Ba a yi da rana.”

Sarki ya dubi tsumman a ƙasa. Ya dubi Kuluwa. Ya ce wa dogarai, “Ku je ku zare sauran. A kashe fitilu duka.”

Wani ya ce, “Ranka ya daɗe, gero fa?”

Tabawa ta ce, “Gero ma yana barci. Ku ne kuka hana shi.”

Aka kashe. Yara suka fashe da kuka, manya suka riƙe bango. Sarki ya zauna a ƙasa kusa da turmi. Shamuwa ta kira da duk bakunanta, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Tabawa ta faɗa wa Kuluwa, Kuluwa ta faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa dogarai, magana ta bi ɗaki ɗaki. Jirgi duka ya amsa, wasu daidai, wasu a karkace, “Ta zo mu ji ta.”

Shamuwa ta ɗora daga inda ta tsaya. “Fiffike ya fara rawa. Sai shamuwa ta yi waƙa:

'Yar Fari, 'Yar Fari, na yi nauyi,
Ƙasa na kira, ba na iya sauka,
Me za ki yar?

'Yar Fari ta cire awarwaronta na hannun dama, ta yar.”

Shamuwa ta tsayar da tatsuniyar. Sannan ta ce, “Fiffiken Dama ya yi mini nauyi. Me za ku yar?”

A nan fada take, da gadon sarauta, da duk abin da sarakuna suka tara. Kowa ya jira. Can Jatau ya ce, “A fito da mutane. A yar.”

Aka ji ƙara. Jirgi ya girgiza, ya sunkuya. Wanda ke kusa da taga ya ga wani abu shuɗi ya leƙo daga gefe. Ya ce, “Ashe da gaske take.”

Shamuwa ta ci gaba. “Suna tafiya, suna tafiya, fiffike ya sake rawa.

'Yar Fari, 'Yar Fari, na yi nauyi,
Ƙasa na kira, ba na iya sauka,
Me za ki yar?

'Yar Fari ba ta da komai a hannun hagu sai ƙwaryar uwarta. Ta yi kuka, ta yar. Fiffiken Hagu ya yi mini nauyi. Me za ku yar?”

Wannan ya fi ciwo. A Fiffiken Hagu ake ajiye kayan waɗanda suka mutu. Tabarmar wannan, hular wancan, allon wani, zanen wata. Ba su da kabari, kayan nan ne kabarinsu. A nan zanen goyon Kuluwa yake, wanda uwarta ta bari. Mata suka fara kuka. Sarki bai iya ba da umarni ba.

Kuluwa ta ce, “Na uwata yana ciki. A yar.”

Wata ta ce, “Na mijina ma. A yar.” Haka, haka, har kowa ya faɗa.

Aka ji ƙara. Jirgi ya ƙara sunkuyawa. Iska ta fara kuka a jikinsa.

Shamuwa ta ce, “Suna tafiya, suna tafiya, ga kogi a ƙasa, ga ciyawa. 'Yar Fari ta ce, ba ni da sauran abin yarwa sai geren nan. Shamuwa ta ce, riƙe gerenki. Wannan karon nawa ne. Akwai wata wuta a ƙirjina, da ita nake magana, da ita nake tunani. Zan ƙone ta duka in tare mana faɗuwa.”

Kuluwa ta miƙe. Ta ce, “Tsaya. In kin ƙone ta, ke fa?”

“Haka tatsuniyar take. Maƙeri bai ɓoye mini ba.”

“To a canza ta.”

“Ita kaɗai na sani, Kuluwa. Ku riƙe juna.”

Kuluwa ta rungume kakarta. Sarki ya riƙe turmi. Jirgi ya yi zafi, ya yi ruri, yana saukowa. Muryar tana tafiya tana ƙanƙancewa.

“Sai shamuwa ta sauka a bakin kogi. 'Yar Fari ta diro. Ta taɓa ƙasa, ta ji danshi. Ta kwance gerenta. Ta juya ta ce, Shamuwa, tashi ki ga...”

Jirgi ya dafa ƙasa. Ya tsaya.

Kuluwa ta ce, “Ta ga me? Shamuwa, ta ga me?”

Ba amsa. Ta sa kunne a bango. Ƙarfe ne kawai, yana hucewa.

Ƙofar Ƙirji ta buɗe da kanta. Rana ce a waje, ta gaske, an yi ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Mutane suka tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya iya taka matakala. Jatau ya tuɓe rawaninsa, ya goyi Tabawa da shi, ya sauka da ita. Ya kwantar da ita a ƙasa. Kuluwa ta ɗebo ƙasa ta sa mata a tafin hannu.

Tsohuwa ta murza. Ta kai hanci. Ta daɗe tana shinshinawa.

Ta ce, “Tamu ta fi ƙamshi.”

Kuluwa ta ce, “Kaka, ko yanzu sai kin kushe?”

Ta ce, “Amma za ta yi.”

Ba ta sake magana ba. Hannun bai saki ƙasar ba.

Aka buɗe Maƙoshi, aka fito da fartanyun da Bawa ya ajiye don shuka. Ramin farko da aka haƙa a ƙasar nan ba na gero ba ne. Aka yi mata wanka da ruwan kogi, aka yi mata salla. Da aka zo rufewa, ba itace a kusa. Kuluwa ta koma ciki, ta hau turmi, ta kwance tukunyar nan. Ita kaɗai ce yumɓun gida da ya rage, don tana kan fitila lokacin da ake yar da kaya. Ta fasa ta, aka jera a kan tsohuwa. Ƙasar garinsu ta rufe ta, sannan baƙuwar ta biyo baya.

Sai aka shuka gero.

Rana ta yi ƙasa, ta yi ja, ta faɗi. Mutane suka tsorata, suka ce wa ya kifa tukunya. Gyare ya fito daga bakin zane, ya shiga ciyawa, ya fara kuka. Ba wanda ya amsa masa, shi kaɗai ne irinsa, amma bai daina ba. Yara suka taru wurin Kuluwa a gindin jirgin. Suka ce, “Yi mana.”

Ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Suka amsa.

Ta yi musu ta 'Yar Fari, ita kaɗai ta sani. Da ta zo wurin “Shamuwa, tashi ki ga,” ta tsaya. Suka ce ta ga me. Ta ce ba a faɗa mata ba. Har ta tsufa a nan take tsayawa. Ni ma a nan nake tsayawa.

Ƙurunƙus, kan gyare. In ƙarya ce, ta bi Ƙofar Shiru.

Abin da ke ciki kaɗan ne. In an kira ku, ku amsa. Abin da tsoho ya sani, ku karɓa tun yana numfashi. Ku kuma in kun tsufa, kada ku ce wa yaro sai anjima.

Ku tashi haka nan. A mayar mini da tabarmata inda aka ɗauko ta.